Yadda Na Kai Dukan Laminu Kano

Tun da na dawo 'yan fadarmu ta bakin tasha suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Kowa ya zauna sai ya ce, "Issufu, yaya Kano? An ce har Turawa sun yi maka tafi." Babu Bature ko ɗaya a wurin, kuma tafin da aka yi wa masu shigo da abinci ya fi nawa ƙarfi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa yana ƙara masa gishiri a hanya, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya karanta ya ji ya daina ganin girmana, ba zan yi masa gardama ba.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata rubuta alluna. Kawunan da ke jikin shagunan aski na Dakoro ni na zana su, haka bijimin kantin maganin dabbobi, haka zakunan da ke bayan manyan motoci. Laminu kuma taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, ya daɗe yana karanta labarai a wani gidan rediyo na yankinmu. Lokacin yaƙin neman zaɓe ya karanta sunayen wasu ƙauyuka na wajen Birnin Lalle da aka tsallake wajen rabon hatsin agaji, saboda ba su ɗaga tutar da ake so ba. Bayan kwana biyu, ranar kasuwa, da rana tsaka, 'yan banga huɗu suka tare shi a gaban wani kantin hatsi, suka kayar da shi, suka yi ta tsula masa wayar birki, ɗaya ya taka masa muƙamuƙi da takalmi. Ƙashin ya haɗe a karkace. Yanzu in yana magana sai ka matso, gidan rediyon kuma sun mayar da shi ɗakin ajiyar kaya, wai don ya huta.

Da jandarmomi suka zo tambaya, kasuwa guda ta makance. Masu awo, masu nama, dillalan awaki da ke hango kuɗi a aljihun baƙo tun daga nesa, duk ba wanda ya ga komai. Ni na ce ranar ina Sabon Maci wajen aiki. Haka na faɗa wa Laminu yana kwance a likita, haka na faɗa muku a fada. Ƙarya ce. Ina kan tsani a jikin kantin hatsin nan ina rubuta wa mai shi suna, matakala bakwai tsakanina da ƙasa. Na ga komai daga farko har ƙarshe, ƙafata ta ƙi sauka.

Abin ya zauna mini a ƙirji wata da watanni. Daga baya na sayi farin yadi, na kafa shi a ɗakin baya na shago, na zana abin da fentin mota kamar yadda na gan shi, wato daga sama: huluna huɗu, kafaɗu, hannuwa a ɗage, Laminu a ƙasa a tsakiyarsu, rakodarsa a gefe, sai ƙafafun 'yan kallo sun yi da'ira. Da na gama na gane abin da na yi wa kaina. Duk ɗan Dakoro da ya gani zai gane wurin, Laminu kuwa zai gane inda mai zanen ya tsaya. Sai na juya shi ya kalli bango.

Wani mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, mai shisshigi, Mushe Sani, ya zo a rubuta masa allon makaranta, ya leƙa ɗakin, ya juyo da zanen ba da iznina ba, ya ɗauka a waya ya tura wa wani abokinsa a Kano. Na sa shi ya rantse ba zai nuna wa kowa a gari ba, na ce 'yan banga nake tsoro. Ba a yi wata ba sai ga gayyata: wata ƙungiya za ta baje zane-zane a kan 'yan jaridar da aka daka ko aka kashe, suna son nawa. Na amsa da sauri, don Kano nesa ce. Lissafina shi ne a can a gani a yaba, a nan kada a gani.

Na naɗe yadin na zura shi cikin bututun roba irin na famfo. Laminu ya zo tasha raka ni, yana kallon bututun yana murmushinsa na gefe guda.

"Bawana," in ji shi, don haka yake kirana tun muna yara, "mi ka zana da za ka kai ma Kanawa? Kan aski?"

"Raƙuma ne," na ce.

"To ka hwaɗa masu na Bader Gula ne, sun fi tsada."

Motar ƙaramar bas ce da aka yi don mutum goma sha tara, muka shiga mu ashirin da wani abu, ban da tunkiyar da aka ɗaure a sama tana yi mana yayyafi ta taga. Na samu wuri kusa da wani Alhaji ɗan kasuwar wake, irin mutanen nan da in sun je Najeriya sau goma sai su ɗauka su suka kafa ta. Kafin mu kai Kornaka ya koya mini yadda ake gaisuwa, yadda ake riƙe aljihu, da cewa a can ba a ce wa mai kaki "shef", sai "oga". Da ya ji daga Dakoro nake sai ya gyara zama.

"Garinku ne anka bugi wani ɗan rediyo ko? Ai shi ya ja ma kainai. Bakinsu ya yi yawa. Mi ya kai ka ƙirga buhun da ba naka ba?"

Yana faɗar haka rediyo na maƙale a kunnensa, yana jiran a faɗa masa farashin wake a kasuwannin ƙauye. In an yi masa aiki kyauta ɗan jarida mutumin kirki ne, in an taɓa manya bakinsa ya yi yawa. Na so in zage shi. Abin da na yi shi ne na ce, "Haka ne, Alhaji," na karɓi goron da ya miƙo mini.

A Sabon Maci muka tsaya aka sauke tunkiyar. Mata suka kewaye mota da dafaffen ƙwai da gyaɗa. Na leƙa ta taga na ƙare wa garin kallo sosai, tunda kowa ya san na wuni a cikinsa ranar da aka daki ɗan'uwana.

Maraɗi muka sake mota, muka nufi iyaka. A gefenmu ba a daɗe ba, an duba katin shaida an wuce. Can gaba, a wani shinge da ba zan iya cewa na nawa ba ne, don na daina ƙirga, wani mai kaki ya hango bututun ya ce a sauko da shi.

"Me ke ciki?"

"Zane ne, shef. Oga, nike nufi."

Idonsa ya yi haske. Ashe yadin fasa-ƙwauri suke nema ranar. "Zane? Turmi nawa?"

"Guda ɗai ne."

"Atamfa ko leshi?"

"Ba na ɗaurawa ba ne, na kallo ne."

"Kowane zane na kallo ne in yana jikin mai shi. Buɗe."

Na zaro shi na shimfiɗa a kan motar cikin rana, fasinjoji suka taru. Mutumin ya tsaya yana kallo, har ya sa yatsa ya murza gefen yadin ya ji ko mai tsada ne. Can ya ce, "Kai, wannan ai zane mutum ake yi."

"Shi ne na ce maka zane ne."

Aka fashe da dariya, har da Alhajin wake, wanda bai gane ko wa ke kwance a ciki ba. Mai kakin ya tambaya su waye masu dukan. Na ce ga su nan, huluna ne. Wallahi sai da ya sunkuya ya karkata kai, kamar zai leƙa ƙarƙashin hular ya ga mai ita. Ya miƙe ya ce, "Ba fuska, ba tuta, ba rubutu. Naɗe kayanka." Ranar na gane na zana abin da ba zai dami kowa ba, kuma raina ya ɓaci fiye da in da ƙwace shi ya yi.

Kano ba zan ɓata takarda a kanta ba, kun ji labarinta wajen waɗanda suka fi ni baki. Mutane ne kamar an zazzage buhu, kowa yana sauri, kowa yana hon. Mai adaidaita sahun da ya ɗauke ni, da ya ji Hausata, ya ce, "A'a, mutanen Faransa ne!" Ni da ko Yamai sau ɗaya na taɓa zuwa. An sauke mu a wani otal mai na'urar sanyi da ban san yadda ake kashe ta ba, na kwana cikin rigar sanyi a watan zafi, da safe na tashi da mura. Na nemi shayi aka kawo mini moɗa guda ta ruwan madara da burodi kamar matashin kai. Na nemi fura, aka jefa ta cikin injin markaɗe da ƙanƙara da sukari, aka ba ni da tsinken zuƙa. Mutanen da ke yi wa fura haka su ne ke yi mana dariya wai ba mu waye ba. Gurasa kaɗai zan yaba, ita kam na ci har na yi guzuri.

Hausarmu ma sai da ta zama abin kallo. Na roƙi bik in cika takarda, yarinyar tebur ta yi ta kallona sai da na nuna da hannu, ta ce, "Oh, biro!" Na ce an kai Laminu likita, suka ce wane likita, sunansa wa? Wurin nake nufi, su kuma mutum suke ji. A ƙarƙashin zanena kuwa an liƙa 'yar takarda mai kyau an rubuta sunana da garina: Dakar. Na je na ce Dakoro ne. Aka ce an riga an buga, kuma ai duk can wajen ne.

Shugaban abin wani ne da kowa ke ce wa Dokta, mai tabarau a kan goshi da wani a hanci. Ranar buɗewa aka yi jawabi bakwai a kan 'yancin ɗan jarida. Babban baƙo ya zo a makare da jiniya, masu tsaronsa suka ture wani mai kyamara har ya faɗi a bakin ƙofa, shi kuma ya hau mumbari ya ce duk wanda ya taɓa ɗan jarida shi ya taɓa. Aka tafa. Wanda aka ture ma ya tafa, da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da gwiwa.

Sannan Dokta ya ja jama'a zuwa gaban zanena. A nan na ji abubuwan da ban san na yi ba.

"Ku lura da inda mai zanen ya ajiye idonmu," in ji shi. "Daga sama. Ya ɗauke mu daga cikin taron ya ɗora mu inda tarihi yake zaune yana shari'a. Kuma ku duba, azzaluman ba su da fuska. Me yake gaya mana? Cewa zalunci ba mutum ba ne, tsari ne. Wannan zurfin tunani ne, daga mutumin da bai shiga jami'a ba."

Tarihi! Tsanin katako ne na aro, ƙafarsa ɗaya an ɗaure da waya. Zaluncin kuma mutum ne, mutum huɗu, na san sunan uban kowannensu. Ɗaya ni na rubuta masa allon shagon cajin waya. Fuskarsu ba ta fito ba don daga inda na maƙale hula ake gani, kuma na ji daɗin hakan. Ina tsaye ina jin wannan duka, da Dokta ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Malam Yusuf?" sai na ce haka ne. Mutane suka yi layi suna ɗaukar hoto da ni, wata ta ce mini jarumi, na gyara hula.

Da aka kira abinci ɗakin ya watse kamar an yi gobara. Mutum ɗaya ta rage, wata dattijuwa mai ɗingishi da tsohuwar kyamara a wuya. An ce mini shekara da shekaru tana ɗaukar hoto wa jaridu, ana ce mata Hajiya Binta. Ba ta kalle ni ba, zanen take kallo.

"Ɗana, a kan me ka hau?"

Na ce tunani ne kawai, kamar yadda Dokta ya faɗa.

"Dokta bai taɓa ɗaukar hoto ba. Wannan tsayin mutum biyu ne, ba na tarihi ba. Ga ma inuwar rumfa ta faɗo ta hagu." Ta gyara igiyar kyamarar. "Ni ma ina da irinsa. Nawa daga ƙarƙashin mota na ɗauka, ƙafafu kawai ake gani. Har lambar yabo aka ba ni a kansa. Wanda ake duka abokin aikina ne."

"Ya gani?" na ce.

"Bai tashi ba."

Ta ce in je in ci abinci kafin a cinye naman. Ban iya ci ba. Duk taron nan ita kaɗai ce ban raina ba, kuma ita kaɗai ce ta san abin da nake.

Washegari Mushe Sani ya bugo waya yana murna. Ƙungiyar ta watsa hotunan taron, zanena ne a gaba, ni a gefensa ina washe baki. Ya ce babu wayar da bai shiga ba a Dakoro, har a fada an gani. Ni da na yi lissafin nisan Kano da kilomita, na manta hoto ba ya tsayawa a shinge a duba masa kati. Na tambaye shi ko Laminu ya gani. Ya ce ai shi ya fara tura wa, tunda yanzu abin ya fito, rantsuwa ta faɗi.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Shingayen nan dai, hanyar nan dai, bututun a tsakanin ƙafafuna. An ce in bar zanen a can ya zaga wasu garuruwa, na ƙi, ban san dalili ba. Ban taɓa jin hanyar Maraɗi zuwa Dakoro ta yi gajarta irin ta ranar ba.

Kwana uku ina zagaye unguwarsu Laminu. Ku kuna ta yi mini barka, mai kantin hatsi kuwa da ya gan ni sai ya shige ciki, don shi ya san wanda ya ba aikin allo ranar. A na huɗu da hantsi ina haɗa fenti sai ga inuwa a ƙofar shago. Ya cire takalmi ya shigo, muka gaisa kamar kullum, ya tambayi hanya, ya tambayi mura.

"Ina raƙuman?" in ji shi.

Na zaro yadin na shimfiɗa a ƙasa. Ya zagaya shi a hankali, sai da ya zo daidai gefen da tsanin yake ranar ya tsaya. Ya daɗe. Maganarsa a hankali take fita yanzu, kowace kalma sai ya tauna ta.

"Wayar birki daidai. Rakoda daidai, nan ta hwaɗi. Aiki ya yi kyau, Issufu. Kuskure guda ne, kuma in da a rediyo ne sai an fito an ba masu saurare haƙuri."



Ya nuna fuskarsa a jikin yadin da yatsan ƙafa. "Ka rufe mani ido. Ban rufe ba. Wanda anka kayar rigingine sama yake kallo. Kai nike kallo tun daga bulala ta hwarko har ta ƙarshe. Gwangwanin fenti na hannunka na hagu. Ina ta jira ka sauko."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na zauna a kan bokiti. Da ƙyar na ce, "Da na ce maka ina Sabon Maci, mi ya hana ka hwaɗi?"

"Inna na zaune bakin gado. Ɗan wanta za ni tona ma asiri gabanta?"

Na fara wata magana, ban ma san me zan ce ba, ya ɗaga hannu.

"Ɗauko buroshi. Ƙaramin. Buɗe su."

Na kafa yadin a bango. Ya jawo benci ya zauna a gabana ya ɗaga kai, ya kafa mini ido don in ga yadda suke. Ɗigo biyu ne na fari da baƙi, aikin da nake yi wa kan aski kafin shayi ya tafasa, amma ya kai ni har kiran azahar, ina gogewa ina sakewa. Duk lokacin bai kau da kai ba.

Da na gama ya tashi ya duba. Ya ce, "Haka ne." Ya sa takalminsa ya tafi masallaci. Bai ce ya yafe ba.